Daga Minjirya zuwa Pil: Tarihin Tsikarin Jijiya da Amsar da Ƙwaƙwalwa ke Bayarwa

A Hausa akwai aikatau guda da ke ɗauke da kaya fiye da ƙarfinsa, wato ji. Mukan ji magana, mu ji wari, mu ji daɗin miya, mu ji Faransanci, mu kuma ji ciwo. Mu da ke karatun kimiyyar harshe mun gaji da wanga misali, don duk malamin da zai yi bayanin kalma mai ma'anoni da yawa shi yake fara jawowa. Ni dai na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai. Idan Bahaushe ya ce ya ji ciwo, ya ajiye ciwo a sahu ɗaya da magana ke nan: abu ne da ake aikowa daga wani wuri, ya biyo hanya, ya iso wurin mai sauraro. Saƙon da ke bin hanya kuwa ana iya tare shi, ana iya rage masa murya, ana iya cika hanyar da hayaniya har ya ɓace.

Akwai wata dabara ta likitanci da aka gina a kan wannan tunani. Sunanta na asibiti TENS, taƙaitawa ce daga Ingilishi. Ni zan kira ta tsikarin jijiya ta kan fata. Wata ƴar na'ura ce da ba ta wuce girman salula ba, mai aiki da pil, da wayoyi biyu ko huɗu da ke ƙarewa a kan ƴan faifai na roba da ake mannawa a fata. Idan aka kunna, sai ta riƙa aika ƙananan bugu na lantarki, mutum ya ji kamar kiyashi na yawo a wurin, wani lokaci kuma ciwon da ke damunsa ya lafa. Mutane sun yi kusan shekara 1900 suna amfani da irin wannan magani kafin su san abin da ƙwaƙwalwa ke yi da shi, kuma a cikin wanga dogon giɓi ne ƴan damfara suka yi ta cin kasuwarsu. Shi ya sa tarihin ya shafe mu.

Gargaɗi ɗaya kafin mu shiga. Kalmar jijiya a wurinmu tana nufin hanyar jini, tana nufin igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, tana kuma nufin farin zaren da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. A cikin wannan rubutu, duk inda na ce jijiya, ta ukun nake nufi. Ba mu kaɗai ke da wannan cakuɗa ba. Kalmar Girkanci neuron, wadda Turawa suka gina dukan ilimin jijiya a kanta, asalinta igiyar tsoka ce da tsirkiyar baka.

Kifi mai kashe jiki

Masuntan kogin Isa da na tafkin Cadi sun san minjirya: kifi marar ɓawo, mai taiɓa, mai gashin baki, wanda idan ya ja mutum sai ya saki koma. Babbar minjirya tana iya fitar da kusan volt 350, fiye da kuran ɗin gidajenmu mai volt 220, sai dai nata na ƙiftawar ido ne. Irin wannan kifi yana cikin kogin Nilu, kuma an sassaƙa siffarsa a bangon kaburburan Sakkara a Masar, fiye da shekara 4000 da suka wuce.

Girkawa da Rumawa wani kifin suka sani, na teku, mai faɗi kamar faifai. Sunayen da aka ba waɗannan kifaye su ne rahoton farko da muke da shi kan abin da lantarki ke yi wa jiki. Girkawa sun ce narke, wato mutuwar jiki, kuma daga nan kalmar narkotik ta fito. A cikin littafin Aflatun mai suna Meno, an kwatanta Sokratis da wannan kifi, don duk wanda ya yi muhawara da shi sai harshensa ya mutu. Rumawa sun ce torpedo, daga aikatau mai nufin sandarewa. Larabawa kuwa suka kira kifin Nilu ra'ad, kamar yadda malami Abdullatif al-Bagdadi ya bayyana shi a labarinsa na ƙasar Masar wajen shekarar 1200. Saiwar wannan kalma tana ɗauke da ma'anar karkarwa da ta tsawa, kuma ita ce ta ba mu aradu a Hausa. Kun ga ke nan, ƙarnuka kafin a gane cewa walƙiya da kifin abu ɗaya ke aiki a cikinsu, harshe ya riga ya zaunar da su a gida ɗaya.

Wanda ya fara rubuta kifin a matsayin magani shi ne Scribonius Largus, likita a zamanin sarkin Rum Kalaudiyas. A littafinsa na haɗe-haɗen magunguna, wajen shekara ta 47 miladiyya, ya ba da shawarar a ɗora rayayyen kifin a kan wurin da kai ke ciwo har sai wurin ya mutu. Ga mai ciwon gaɓoɓin ƙafa kuma, ya ce ya tsaya a bakin teku inda yashi ke da laima, ya taka kifin har sai ya daina jin ƙafarsa zuwa gwiwa. Fiye da shekara 100 bayansa, Jalinusu ya gwada, ya ga mataccen kifi ba ya komi, sai mai rai. Bayanin da ya bayar shi ne kifin yana da wani irin sanyi da ke daskarar da jiki. Lura ta yi daidai, bayani ya kauce, kuma haka aka zauna har ƙarni na 18.

Daga kifi zuwa kwalba

A 1745 da 1746, a Jamus da garin Leiden na ƙasar Holan, aka gano hanyar tara lantarki a cikin kwalba. Duk wanda ya taɓa ta sai ta fizge shi. Ba a daɗe ba wani matashi Bafaranshe mai binciken tsirrai da dabbobi, Michel Adanson, ya isa Senegal a 1749. A kogin Senegal ya taɓa minjirya, ya rubuta cewa fizgarta ta yi masa kama da ta kwalbar Leiden. A 1772, wani Bature ɗan Ingila, John Walsh, ya je garin La Rochelle na bakin tekun Faransa, ya jera mutane suna riƙe da hannun juna, ya nuna cewa fizgar kifin teku tana ratsa su duka, tana bin ƙarfe da ruwa, gilashi kuwa yana tare ta. Halin lantarki ke nan sak.

A 1791 Luigi Galvani na Bolonya a Italiya ya buga sakamakon gwajinsa a kan ƙafafun kwaɗi, inda ya ce jijiya da kanta lantarki take ɗauke da shi. Alessandro Volta ya musa, ya ce ƙarafan gwajin ne ke haifar da wutar. Garin tabbatar da maganarsa, a 1800, ya jera faifan ƙarfe iri biyu da jiƙaƙƙen kwali a tsakaninsu, ɗaya bisa ɗaya, ya sami lantarki mai gudana ba yankewa. Shi da kansa ya ce ya kwaikwayi gaɓar lantarkin kifi ne. Wannan tarin faifai Faransawa suka kira pile, wato tsibi. Saboda haka duk ranar da aka aike ka kanti sayen pil na tocila, ka sani kana kiran sunan wani tsibi da aka gina a kan siffar cikin kifi.

Volta ya gwada abinsa a jikinsa. A harshe ya ji ɗanɗano, kusa da ido ya ga haske, a kunne ya ji ƙara kamar tafasar miya mai kauri. Lantarki ɗaya, ji kala uku. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bayan Michael Faraday ya gano a 1831 yadda ake samar da lantarki ta hanyar maganaɗisu, aka sami na'urori masu aika bugu a jere, waɗanda ake iya ƙara musu ƙarfi ko a rage. Likitan da ya fi kowa cin moriyarsu shi ne Duchenne, mutumin Boulogne a arewacin Faransa. Kafin shi wasu likitoci sukan soka allura don kai lantarki ga tsoka. Shi ya nuna cewa jiƙaƙƙen kan waya da aka dafa a fata ya isa, ba sai an huda ba. Littafinsa kan wannan dabara ya fito a 1855. Hanyar bi ta kan fata daga wurinsa ta samu gindin zama.

Kasuwa ta buɗe

Inda duk aka sami ƙwayar gaskiya da babu mai iya bayyana ta, ƴan kasuwa ba su nisa. A ƙarshen ƙarni na 19, Turai da Amurka sun cika da ɗamarar lantarki, da matajin lantarki, da zoben lantarki, ana cewa suna maganin raunin mazakuta, da sanƙo, da rashin barci, da tarin fuka. A 1910 rahoton Abraham Flexner ya tona asirin makarantun likitancin Amurka da ke koyar da abin da ba shi da hujja, aka rufe da yawa daga cikinsu, manyan likitoci suka juya wa maganin lantarki baya. Sai ya koma hannun ƴan talla.

Ɗaya daga cikinsu, Willie Kent, ya yi wa wata na'ura mai suna Electreat rajista a 1919. Kamar tocila take, da pil a ciki, ana goga ta a jiki. Ya sayar da dubun dubbai yana cewa babu cutar da ba ta warkarwa. Bayan dokar abinci da magunguna ta 1938, hukuma ta tsaya masa a wuya har sai da ya janye duk iƙirarin, aka bar masa guda ɗaya tak: rage ciwo. Abin mamaki, wannan ɗayan da ya rage shi ne wanda bincike zai zo ya ba gaskiya.

An fara sauraron ƙwaƙwalwa

Yayin da ake wancan ciniki, a ɗakunan gwaji ana koyon harshen jijiya. A shekarun 1920, Edgar Adrian na Kambirij ya saurari zaren jijiya guda ɗaya, ya gano cewa duk bugun da take aikawa girmansu ɗaya ne. Taɓawa mai ƙarfi ba ta ƙara girman bugu, yawansa take ƙarawa. A matsayina na ɗalibin harshe, wanga batu ya burge ni ƙwarai: harshe ne mai harafi ɗaya, ma'anarsa tana cikin saurin maimaita harafin da kuma layin da ya biyo. Shi ya sa Volta ya ji abu uku. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar mi ya tayar da jijiya. Idan layin ido ya buga, haske ne. Idan layin fata ya buga, taɓawa ce, ko da pil ne ya yi bugun.

A Amurka kuma Joseph Erlanger da Herbert Gasser suka nuna cewa jijiya guda tamkar igiya ce da aka tufka da zare iri-iri, kuma suka sami kyautar Nobel a 1944. Zare masu kauri, masu kai labarin taɓawa da girgiza, suna gudun mita 35 zuwa 75 a sakan, wato sun fi duk wata motar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Zinder. Sirara, masu kai labarin raɗaɗi mai ci a hankali, mita 1 ko 2 suke yi a sakan, tafiyar mai ƙafa. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu: lantarki marar ƙarfi da aka sa a fata masu kaurin yake fara tayarwa, sai an ƙara shi sosai kafin ya kai ga siraran.

Ina saƙon yake sauka? A Montreal ta Kanada, likitan fiɗa Wilder Penfield yana yi wa masu farfaɗiya aiki idonsu biyu. Yakan taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki, majinyaci ya ce ya ji wani abu a babban yatsa, ko a leɓe. A 1937 ya fitar da taswira: wani ɗan zirin ɓawo daga tsakar kai zuwa saman kunne, inda kowace gaɓa ke da fegi. Hannu da leɓe da harshe sun kwashe manyan filaye, gadon baya gaba ɗaya ya sami ɗan lungu.

Amma Penfield sai ya buɗe ƙoƙon kai. Wanda ya fara jin amsar ƙwaƙwalwa daga waje, a kan lafiyayyen mutum, shi ne George Dawson a Landan, a 1947. Ya riƙa tsikarar jijiyar hannu da lantarki ta kan fata, ya manna wayoyi a fatar kai yana sauraro. Matsalarsa ita ce ƙwaƙwalwa ba ta yin shiru. Amsar da yake nema ƙarama ce ƙwarai, kamar neman muryar mutum ɗaya a kasuwar Maraɗi ranar Juma'a. Dabarar da ya yi ita ce ya maimaita bugun sau da yawa, ya ɗora hotunan zanen bisa juna. Hayaniya kowane karo dabam take, sai ta watse. Amsa kuwa a lokaci ɗaya take zuwa kullum, sai ta fito fili. A farkon shekarun 1950 ya ƙera inji mai yin wannan lissafi da kansa.

Albarkacin aikinsa, yau ana iya bin saƙon tasha-tasha. Idan aka tsikari jijiya a wuyan hannun dama, bayan kamar milisakan 9, wato kashi 9 cikin 1000 na sakan, saƙon ya iso saman ƙashin wuya. A milisakan 13 yana cikin laka a ƙeya. Daga nan ya tsallaka zuwa ɓangaren hagu, ya ratsa wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna talamus, a milisakan 20 ya sauka a fegin hannu na taswirar Penfield. Likitoci suna kiran wannan amsa N20. Daga idon sawu kuwa kusan milisakan 40 ake yi. Ba wasan ɗakin gwaji ba ne kawai. Masu fiɗar ƙashin baya suna sa ido a kan irin wannan amsa yayin aiki, don idan ta fara dusashewa sun san laka na cikin haɗari. Haka nan ga wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita bai farka ba, rashin N20 a ɓangarorin kai biyu yana cikin alamun da suka fi nauyi wajen faɗa wa dangi gaskiya.

Zauren laka

Duk wannan ya nuna yadda saƙo ke isa. Bai nuna dalilin da zai sa wani saƙo ya hana wani isa ba. Wanda duk ya yi filo a tarminal ya san Dekart. A littafinsa kan ɗan Adam, da ya fito da Faransanci a 1664, akwai zanen wani yaro da ƙafarsa ke kusa da wuta, da zare daga ƙafar zuwa kai, kamar igiyar ƙararrawa. An ja igiya, ƙararrawa ta kaɗa. Shekara 300 likitoci suna kallon ciwo haka: girman rauni, girman ciwo.

Jiki magayi, in ji Hausawa, amma ba kullum yake faɗin duk abin da ya gani ba. Ɗan kokowa kan gama karawa kafin ya lura yatsansa ya goce. A yaƙin duniya na biyu, likitan sojan Amurka Henry Beecher ya tambayi sojoji 215 masu munanan raunuka, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu ba su bukaci maganin ciwo ba a lokacin. A gefe guda kuma ga waɗanda aka yanke wa ƙafa suna kuka da ciwon ƙafar da babu ita. Igiyar Dekart ba ta iya bayyana ko ɗaya.

A watan Nuwamba na 1965, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila suka buga wata maƙala a mujallar Science, suka kawo abin da ake kira ka'idar ƙofa. Bari in faɗe ta da misalin gida. Ku ɗauki laka a matsayin zauren sarki. Duk manzon da ya taso daga fata sai ya tsaya a nan kafin a shigar da shi. A zauren akwai dogarai, wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya da aikinsu hanawa ne. Manzon raɗaɗi, mai tafiyar ƙafa, idan ya iso yakan kwantar da dogaran ya wuce. Manzon taɓawa, mai doki, idan ya iso tayar da su yake yi, su tura ƙyaure. To idan mahaya suka yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa, mai ƙafa zai daɗe a waje. Suka ƙara da cewa sarkin ma yana iya aiko da umarni daga cikin gida a rufe ko a buɗe.

Kowace uwa ta san wannan ba tare da ta karanta Science ba. Yaro ya buge goshi, ta murza wurin da tafin hannu tana hura masa iska. Murzar nan mahaya take turawa zaure. Binciken baya ya gyara abubuwa da dama a cikin zanen Melzack da Wall, domin wayoyin zauren sun fi yadda suka zata sarƙaƙiya. Amma gundarin maganar, cewa ana tace ciwo a laka kafin ya hau, ya tsaya har yau.

Wall bai tsaya ga takarda ba. Shi da likitan fiɗa William Sweet suka soka wa kansu siraran allurai a jijiyar da ke ƙarƙashin ido, suka kunna lantarki, suka ji tsinin allura ya dushe a fatar wurin. Sannan suka gwada a kan majinyata 8 masu ciwo mai tsanani, da bugu 100 a sakan. Yayin tsikarin, danna wurin da a da ba ya taɓuwa bai tayar da ciwo ba, kuma 4 daga cikinsu sun sami sauƙi na fiye da rabin awa bayan tsikarin minti 2. An buga wannan a 1967. A shekarar ce kuma wani likitan Amurka, Norman Shealy, ya dasa wa mai ciwon daji waya a kan laka. Don ya tantance wanda ya dace da irin wannan fiɗa, sai ya riƙa fara gwada majinyata da lantarki ta kan fata, kuma abin da ya samu a hannu shi ne tsohuwar Electreat ta Willie Kent. Wasu suka ce gwajin ma ya ishe su, ba sai an yanka su ba. Daga nan kamfanoni suka shiga ƙera ƙananan na'urori na zamani, aka yi wa ta farko rajista a 1974.

Umarni daga cikin gida

Saura batun sarkin da ke aiko da umarni. A 1969 David Reynolds ya sa waya a wani ɗan yanki mai ruwan toka a gindin ƙwaƙwalwar ɓeraye, ya kunna lantarki, ya yi musu fiɗar ciki ba tare da maganin barci ba, ba su nuna alamar ciwo ba. A 1973 aka gano cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da gurabe da morfin ke shiga daidai wa daida. Mi zai sa jiki ya tanadi gurbi don abin da ke fitowa daga tsiro? A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Aberdeen suka ba da amsa: sun tsamo daga ƙwaƙwalwar aladu wasu sinadarai da jiki ke yi da kansa, masu aiki irin na morfin.

Sai aka koma kan na'urar tsikari da sabuwar tambaya. A 1979, a Suwidin, Bengt Sjölund da Margareta Eriksson suka ba majinyatan da tsikari ya yi wa amfani wani magani mai suna nalokson, wanda ke toshe guraben morfin. Ga masu karɓar tsikari mai jinkirin bugu, ciwon yakan dawo. Ma'ana, sauƙin da suka samu daga morfin ɗin jikinsu ya fito. Daga 1999, Kathleen Sluka da abokan aikinta a jami'ar Iowa suka nuna a kan ɓeraye cewa bugu mai jinkiri, kamar 4 a sakan, yana aiki ta gurbin da ake kira mu, mai sauri kuma, kamar 100 a sakan, ta gurbin delta. Suka kuma nuna cewa idan aka toshe waɗannan gurabe a gindin ƙwaƙwalwa, amfanin tsikarin yana gushewa. Ashe saƙon ba a zaure kaɗai yake tsayawa ba. Yana hawa sama, ƙwaƙwalwa ta maido da umarni ƙasa.

Wannan ya zo da darasi mai ɗaci. Tun da hanyar morfin ce, to akwai sabo. Idan aka yi ta maimaita tsikari iri ɗaya da ƙarfi ɗaya kullum, cikin kwana 4 ko 5 amfaninsa yana raguwa. Kuma jikin da ya saba da magunguna dangin morfin ba ya amsa tsikari mai jinkiri yadda ya kamata. Tramol, wanda muka san irin ɓarnar da ya yi wa samarinmu ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi, a kan gurbin mu yake aiki. Wanda ya cika gurbin da ƙwaya ya rage wa jikinsa hanyar da zai taimaki kansa.

Iyakar abin

To, yana aiki ko ba ya aiki? Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwada wannan abu yana da wuya, don ba a iya ɓoye wa mutum ko na'urar da aka manna masa tana tsikarinsa ko a kashe take. A 1990 wani gwaji a Amurka kan mutum 145 masu daɗaɗɗen ciwon baya ya tarar na'urar gaske ba ta fi ta bogi ba. A 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce kada a riƙa ba da ita don ciwon ƙugu. A 2022 kuma Mark Johnson na Leeds da abokansa suka tattara gwaje-gwaje 381, suka ga cewa ciwo yana raguwa lokacin da ake tsikarin ko jim kaɗan bayansa, muddin ƙarfin ya kai a ji shi sosai ba tare da ya yi zafi ba. A 2014 Amurka ta amince da wata na'urar ƙasar Beljiyam mai suna Cefaly, da ake mannawa a goshi don rage yawan tashin ciwon ɓarin kai, kusan daidai wurin da Scribonius ke ɗora kifinsa.

Idan aka haɗa duka, ga abin da na fahimta. Tsikari yana rage muryar ciwo na ɗan lokaci, ga wasu mutane, a wasu cututtuka. Ba ya taɓa abin da ya haifar da ciwon. Kuma yana da wuraren da ba a sa shi: gaban wuya, kan ido, fatar da ta yi rauni, cikin mai juna biyu, da jikin wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya.

Dalilin da ya sa na ga ya dace mu san wannan shi ne jikokin Electreat sun iso garuruwanmu. Ana tallarsu a kasuwa, a tasha, da cikin WhatsApp, kuma kalmar da mai talla ya fi so ita ce jijiya. Zai ce na'urar tana buɗe jijiyoyi. Wace jijiya? Shi ya san ta saƙo ce kaɗai lantarkin ke taɓawa, ko ma bai sani ba. Tsohuwar da ke saurarensa kuwa jijiyar jini ta ji, sai ta fahimci an sami maganin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Za ta manna, ta ji kiyashi na yawo, ciwon kafaɗarta ya lafa da gaske, ta gaskata sauran maganar, ta ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta mata. Hawan jini ba ya aiko da manzo zaure. Shiru yake aikinsa har ranar da zai kayar da mutum.

Nan ne aikinmu yake, mu masu karatun harshe da masu rubutu. Muddin kalma ɗaya ce ke ɗauke da hanyar jini da igiyar tsoka da zaren saƙo, mai talla zai ci gaba da shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Ya kamata a rediyo, da azuzuwan yaƙi da jahilci, da takardun da ake rabawa a gidajen likita, mu saba wa kunnen jama'a da cewa jijiyar jini dabam, jijiyar saƙo dabam. Ranar da tsohuwar nan za ta iya tsayar da mai talla ta tambaye shi wace jijiyar yake nufi, ranar cinikinsa zai fara ja da baya.